Mahaɗar Masai da Bututu: Ƙarkon Zoben Kaki da Dalilan Lalacewarsa, Tare da Misalai Daga Sokode da Dapaong

1.0 Gabatarwa

Mai gida yakan kashe kuɗi masu yawa wajen gina ban-ɗaki na zamani. Ya sa tayil, ya sayi kwanon masai na tangaran, ya ja ruwan famfo, amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai wari ya fara tashi. A wanke da sabulu, a zuba turare, warin yana nan. Galibi laifin yana wani ɗan wuri ne da ido ba ya gani, wato inda gindin kwanon ya haɗu da bututun da yake kwashe ƙazanta zuwa rami. Wannan wuri shi ake nufi da mahaɗa a cikin wannan takarda.

Takardar za ta yi bayanin abin da ake toshe mahaɗar da shi, da tsawon lokacin da yake ɗauka, da dalilan da suke sa ya lalace. An fara da zoben kaki, wanda aka fi amfani da shi a Amurka da Kanada, domin shi ya fi fito da ƙa'idar aikin a fili. Daga nan aka duba abin da magina da masu aikin famfo suke amfani da shi a Sokode da Dapaong, garuruwa biyu na ƙasar Togo da ake jin Hausa a zangunansu da kasuwanninsu. Har ila yau an kawo kalmomin da suka shafi fannin, domin amfanin ɗaliban harshe.

2.0 Garuruwan Biyu

Sokode ita ce hedikwatar Yankin Tsakiya na ƙasar Togo, tana da nisan kimanin kilomita 340 arewa da Lome. Ƙidayar shekarar 2010 ta nuna tana da mutum 95,070. Gari ne na Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, kuma mafi yawan mazaunansa Musulmi ne. Tun kafin zuwan Jamusawa a ƙarshen ƙarni na 19, ayarin fataken goro da suke tafiya tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja sukan yada zango a wannan yanki, kuma unguwar Didawure ta bunƙasa ne ta dalilin wannan fatauci.

Dapaong kuwa ita ce hedikwatar Yankin Sabana, a can arewa, fiye da kilomita 600 daga Lome, kusa da iyakar Burkina Faso. Tana da mutum 58,071 a ƙidayar 2010, mafi yawansu Moba da Gurmawa, tare da Fulani da Mosawa da Hausawa. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Lome ta nufi Wagadugu, ta ratsa garuruwan biyu, kuma ta nan kayan gini suke iso su.

Abu biyu ne suka shafi wannan nazari game da garuruwan. Na farko shi ne yanayi. Damina a Sokode takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwan da ya wuce milimita 1,200 a shekara. A Dapaong ruwan bai kai haka ba, wajen milimita 1,000 ne, rani ya fi tsawo, hunturu ya fi bushewa, zafin bazara kuma yakan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Na biyu shi ne gidaje sun dogara ne da ramukan da suka haƙa wa kansu. Kamfanin ruwa na ƙasa, wato Togolaise des Eaux, yana kawo ruwa daga madatsar Aleheride zuwa Sokode, daga madatsar Dalwak kuma zuwa Dapaong, amma ƙazantar kowane gida a cikin gidan take zama har sai an zo an kwashe. A cikin shekarun 2010 an gudanar da wani shiri na samar da masai ga gidajen Sokode ta hanyar ƙaramin rance, da tallafin Bankin Raya Afirka da ƙungiyar Plan, aka kuma gina wurin sarrafa ƙazantar da motoci suke kwasowa. Shirin ruwa da tsafta na Tarayyar Turai ya shafi Dapaong a kashinsa na farko, Sokode kuma a kashi na biyu. Ke nan masai yana ƙara yawa, kuma sanin yadda ake kafa shi ya zama abin bukata.

3.0 Kalmomin Fannin

Bahaushe ba ya son ambaton wurin biyan bukata kai-tsaye, saboda haka yawancin sunayen wurin sakaya zance ne. Bayan gida da ban-ɗaki, wato bayan ɗaki, suna nuna inda wurin yake ne a tsarin gida. Makewayi ya samu ne daga aikatau kewaya, da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar yadda aka sami masauƙi da mazauni. Mai ladabi yakan ce zai kewaya, ko zai zagaya, ko zai kama ruwa. Sunayen da suka fi nuna ramin kansa su ne masai da salga da shadda. Kalmar salga ta shiga Yarabanci, inda ake kiran masai na rami da shalanga.

Da masai na zamani ya zo, sai aka bambanta na tsuguno da na zama. Sauran kayan aikin wasu aro ne, kamar famfo da siminti da roba da tayil da noti, da tiyo wanda ya fito daga Faransanci. Wasu kuma faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma ce, kamar gwiwa, wadda ake kiran lanƙwasasshen bututu da ita. A Nijeriya ana kiran ramin da ruwan ƙazanta yake tsiyayewa a ciki sokawe. Ita kuwa mahaɗa daga haɗa take, kamar yadda ake cewa mahaɗar hanya.

Ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar kaki. A rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, iri ɗaya ake rubuta kakin zuma da kakin soja da kakin da mai tari yake tofarwa. Muhallin magana ne yake rarrabe su. Wanda ake nufi a nan shi ne na farko da danginsa.

4.0 Katanga Biyu a Cikin Masai

Ramin ƙazanta yana fitar da iska iri-iri yayin da ƙwayoyin halitta suke ruɓar da abin da yake ciki. Aikin masai na zamani shi ne ya bar ƙazanta ta sauka, ya hana iskar hawowa. Katanga biyu ne suke yin wannan aiki.

Katanga ta farko ruwa ce. Duk wanda ya leƙa kwanon masai zai ga ruwa kwance a ƙasansa. Hanyar da ƙazanta take bi an lanƙwasa ta, ta sauka sannan ta ɗan hau kafin ta sake sauka, shi ya sa wani ruwa yake maƙalewa a gwiwar. Wannan ruwa shi ne murfi. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotland, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1775, Joseph Bramah kuma ya kyautata masai ɗin a 1778. Zurfin ruwan da yake tare iska a masai na zama yakan kai santimita 5. A na tsuguno irin wanda ake kora wa ruwa da bokiti kuwa, santimita 2 ya isa, domin lita biyu ko uku su iya tura ƙazanta.

Katanga ta biyu ita ce mahaɗa, kuma tana bayan gwiwar ruwa ne, a ɓangaren rami. Wannan batu yana da muhimmanci, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa kwano zai kasance cike da ruwa, a wanke tas, amma ɗaki yana wari. In mahaɗa ta buɗe, iskar rami ba ta bukatar bi ta cikin kwano. Ta sami ƙofa a ƙarƙashinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

5.0 Zoben Kaki

5.1 Sigarsa da Yadda Ake Sa Shi

A gidajen Amurka da Kanada, mafitar kwanon masai tana ƙasa ne, tana kallon daɓe. Bututun ƙazanta mai faɗin inci 3 ko 4, wato kimanin santimita 7.5 ko 10, yana fitowa ta cikin daɓen, tsakiyarsa galibi inci 12 daga bango. A bakin bututun akwai wani faifai na ƙarfe ko na roba mai tauri, wanda ake ɗaure shi da daɓe. Noti biyu ne suke tasowa daga faifan su ratsa gindin kwanon, ɗaya dama ɗaya hagu.

Tangaran da faifai duka masu tauri ne, kuma fuskokinsu ba sa haɗuwa daidai-wa-daida. Saboda haka ake sa wani abu mai laushi a tsakaninsu. Zoben kaki kewayayye ne, kaurinsa wajen santimita biyu zuwa uku. A da ana yin amfani da kakin zuma ko wani kwaɓi mai danƙo, amma na yanzu daga kakin man fetur ake yin sa, dangin wanda ake yin kyandir da basilin. Ana ɗora zoben, a saukar da kwanon a kansa a miƙe, a danna da nauyin jiki. Kakin sai ya baje, ya cike kowane lungu, ya manne da tangaran a sama da faifai a ƙasa. Daga nan a ɗaure notin a hankali, a riƙa juya na dama kaɗan, na hagu kaɗan.

5.2 Ƙarkonsa

Kaki ba ya shan ruwa, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa da sauƙi, fitsari da sabulu ba sa cin sa. Ba wani sashe a jikinsa da yake motsi balle ya goge. Wannan ne ya sa masu aikin famfo a can suke ƙiyasta masa shekara 20 zuwa 30, kuma akan sami wanda ya wuce haka. A taƙaice, zoben da aka sa daidai yana iya rayuwa tsawon rayuwar kwanon.

Sai dai yana da rauni guda ɗaya, kuma daga shi kusan duk matsalolinsa suke tasowa. Kaki ba ya komawa yadda yake bayan an matsa shi. In mutum ya danna roba da yatsa ya ɗaga, robar za ta taso. In ya danna tuwo ko ɗanyen yumɓu, gurbin yatsan yana nan. Kaki irin tuwo ne. Muddin kwanon yana zaune inda aka ajiye shi, toshiyar tana nan daram. Ranar da ya ɗan ɗaga ko ya karkata, kakin ba zai bi shi ba, sai a sami ƙafa tsakaninsu.

5.3 Dalilan Lalacewarsa

(a) Girgiɗin kwano. Wannan shi ne babban dalili. In daɓe bai daidaita ba, ko noti ya kwance, duk lokacin da mutum ya zauna kwanon yakan karkata gefe guda, ya ƙara matse kakin wannan gefe, ya kuma ɗaga daga ɗaya gefen. Motsin yana iya zama na milimita ɗaya kawai, amma a gida mai mutum goma ana maimaita shi sau da yawa kowace rana.

(b) Faifai ya yi ƙasa. Ƙa'ida ita ce faifai ya zauna a kan daɓen da aka gama, ya ɗan taso da kamar milimita 6. In aka zo daga baya aka shimfiɗa sabon tayil a kan tsoho, daɓe ya hau, faifai ya rage a ƙasa, sai zoben ya kasa cike tazarar. Wasu sukan ɗora zobe biyu, amma dogon kaki yana saurin gocewa gefe. Ƙara tsawon faifan ya fi.

(c) Kuskuren sakawa. Mai aiki ya saukar da kwano, ya ga bai daidaita da noti ba, ya ɗaga ya sake ajiyewa. Zoben ya riga ya baje tun saukar farko. Haka nan wanda ya cire kwano don wani gyara ya mayar da shi kan tsohon zobe.

(d) Toshewar bututu. Zoben an yi shi ne don ruwan da yake wucewa da iskar da ba ta da ƙarfi. In bututu ya toshe a ƙasa, ruwa ya taru a mahaɗa, aka kuma yi ta bugawa da robar nan mai sanda, ƙarfin yana iya huda hanya a cikin kakin.

(e) Karyewar faifai ko ruɓewar daɓe. Yawancin gidajen Amurka daɓen katako gare su. Ɗigo kaɗan yakan jiƙa katakon, katakon ya yi laushi, kwanon ya ƙara girgiɗi, yoyon ya ƙaru. Ta haka ƙaramar ɓaraka take cin daɓe baki ɗaya.

(f) Zafi da sanyi. Zafi mai yawa, kamar na bututun ɗumama ɗaki da aka binne a daɓe, yana sa kaki ya yi laushi. Sanyi kuma yana sa ya yi tauri ya ƙi bajewa a lokacin sakawa.

Idan aka duba waɗannan dalilai, za a ga cewa tsufan kakin kansa ba ya cikinsu. Abin da yake kewaye da zoben ne yake gazawa, shi kuma ya biya bashin. Saboda wannan rauni ne aka ƙera zobba na roba da na soso waɗanda suke tasowa bayan an matsa su, ana kuma iya cire kwano a mayar a kansu.

6.0 Abin da Ake Yi a Sokode da Dapaong

Togo ta gaji tsarin aikin famfo na Faransa, kuma a wannan tsari ba a san zoben kaki sosai ba. Hanyoyi uku ne ake cin karo da su.

6.1 Leɓen Roba

Kwanon zama irin na Turai mafitarsa tana baya ne, tana kallon bango, kimanin santimita 18 daga ƙasa. Wasu kuma tana lanƙwasawa ƙasa. Ana cusa wannan mafita cikin wani guntun bututu, miƙaƙƙe ko mai gwiwa, mai faɗin milimita 100, wanda bakinsa yake da leɓɓan roba. Leɓɓan suna rungume tangaran ɗin, kwanon kuma ana ɗaure shi da daɓe da ƙusoshi masu zare.

Roba ta fi kaki jure ɗan motsi, amma ita tana tsufa. Da shekaru takan bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Abubuwa uku ne suke gaggauta wannan. Na farko karkata: in bututun da magini ya binne bai yi daidai da mafitar kwano ba, mai aiki yakan tilasta su su haɗu, leɓen ya matsu a gefe guda ya buɗe a ɗaya. Na biyu mai: wasu sukan shafa baƙin mai ko basilin don mafitar ta shiga da sulɓi, alhali man fetur da danginsa suna kumbura irin wannan roba su lalata ta. Ruwan sabulu shi ne daidai. Na uku kuwa ajiya: robar da ta daɗe a rana a bakin shago ta riga ta fara mutuwa kafin a saye ta.

6.2 Kwaɓin Siminti

Masai na tsuguno, wanda ya fi yawa a gidajen haya da masallatai da makarantu, binne shi ake yi cikin daɓe, a kewaye mahaɗarsa da siminti. Har kwanon zama ma, in ba a sami guntun bututu mai leɓe ba, ko ana son rage kuɗi, siminti ake liƙa masa.

Siminti yana da ƙarfi, amma bai dace da wannan wuri ba. Ba ya kama bututun roba, ba ya kuma kama fuskar tangaran mai sheƙi. Kewaye su kawai yake yi. Yana ɗan tsukewa yayin da yake bushewa, sai a sami tsaga siririya kamar gashi tun makon farko. Bugu da ƙari, kayan uku ba sa miƙewa daidai in zafi ya tashi. Bututun roba mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.07 a kowane digiri ɗaya na zafi, kankare kuwa milimita 0.01. Alal misali, bututu mai mita 3 da ya bi jikin bango a waje, in zafi ya tashi da digiri 15 tsakanin asuba da azahar, zai ƙaru da kimanin milimita 3, bangon kuwa bai kai rabin milimita ba. Da dare ya koma. Wannan kai da komowa na kullum yana sassauta duk mahaɗar da ba ta da laushi.

Akwai kuma ruwan asid da ake sayarwa don wanke tayil da kwano. Yana fitar da dauɗa nan take, amma yana narkar da siminti. Gidan da ya fi yawan wanka da shi, shi ya fi saurin rasa mahaɗa. Illa ta ƙarshe ita ce kwanon da aka dasa da siminti da wuya a cire shi ba tare da ya fashe ba.

6.3 Zoben Danƙo

Wasu kwanonin da ake shigo da su daga Sin mafitarsu tana ƙasa ne kamar na Amurka, tsakiyarta milimita 300 ko 400 daga bango. Irin waɗannan ana kafa su ne da wani zobe mai danƙo, ɗan'uwan zoben kaki. Duk abin da aka faɗa a 5.3 ya shafe shi. Matsalar da aka fi samu ita ce ta awo: magini ya binne bututu tun kafin mai gida ya sayi kwano, aka zo aka tarar tazarar bango ba ta dace ba. In mafita ta goce daga bakin bututu da santimita biyu ko uku, wani ɓangare na ruwan a kan zoben zai riƙa zuba, ba kuwa zoben da zai jure haka. Tun ran gini tun ran zane: a fara sanin kwanon kafin a binne bututu.

6.4 Tasirin Damina da Rani

A Sokode damina ce ta fi ɓarna. Cikon ƙasar da aka zuba a ƙarƙashin daɓe, in ba a daddaɓe shi ba, yakan zauna bayan ya sha ruwa, bututu ya sauka tare da shi, kwano ya rage a sama. Haka kuma ruwan sama yakan cika rami, ƙazanta ta kasa sauka, ta dawo ta tsaya a mahaɗa.

A Dapaong kuwa rani ne. Busasshiyar iskar hunturu tana shanye ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama, shi ya sa aikin da aka yi a Disamba ko Janairu yake bukatar a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai. Iskar kuma tana ƙafar da ruwan gwiwa. Ɗakin baƙi da aka rufe na wasu makonni, ko masai na makaranta a lokacin hutu, yakan yi wari ba tare da komai ya lalace ba. Bokitin ruwa ɗaya ne maganinsa. Ƙarancin ruwa a bazara shi ma yana da nasa: in ana kora ruwa kaɗan, ƙazanta takan tsaya a hanya, musamman in gangaren bututun bai kai santimita 2 a kowace mita ba.

7.0 Abin da Yake Biyo Bayan Lalacewa

Wari shi ne mafi sauƙi. Cikin iskar rami akwai wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kaɗan daga cikinta yake sa ciwon kai da zafin ido, mai yawa kuma yake kisa. Haɗarinta shi ne in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi. Ita ce take halaka masu shiga rami don kwasa ko don ciro abin da ya faɗa. Akwai kuma iskar methen, wadda take kama wuta in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Ta wannan ƙofa kuma kyankyasai da ƙudaje suke fitowa daga rami su nufi madafa.

Abin da ya faru a rukunin gidajen Amoy Gardens na Hong Kong a 2003 ya nuna girman lamarin. A lokacin annobar SARS, ruwan gwiwar magudanan daɓe na ban-ɗakuna da yawa ya ƙafe. Fankokin da suke zuƙe iska daga ban-ɗaki sai suka riƙa jawo tururin ƙazanta daga bututu zuwa cikin gidaje. Fiye da mutum 300 suka kamu, 42 suka rasu.

Ruwan da yake yoyo ƙasa kuma yana neman rijiya. A Landan a 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a kewayen titin Broad. Likita John Snow ya danganta cutar da famfon unguwar, daga baya kuma aka gano ramin ƙazanta mai yoyo a gab da rijiyar. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji suke bi ita ce a bar mita 30 tsakanin rami da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. A tsofaffin unguwanni masu cunkoso, inda rijiya da masai suke tsakar gida ɗaya, kowane ɗigo yana da lissafi.

Ga Musulmi akwai batun tsarki. Ruwan da ya fito daga mahaɗa najasa ne. In ya gauraya da ruwan wanka a daɓe, yana taɓa ƙafa da bakin zane da gindin buta, mai shi bai sani ba.

8.0 Ganowa da Gyara

A ƙasashen da ban-ɗaki yake zama a bushe, ruwa a gindin kwano shi ne alamar farko. A Sokode da Dapaong wannan alama ba ta aiki sosai, domin ana tsarki da buta, ana wanka a wurin, daɓe kullum a jiƙe yake. Hanyoyin da suka fi dacewa su ne:

1. A dafa kwanon da hannu biyu a gwada girgiza shi. In ya motsa, mahaɗa tana cikin haɗari ko ta riga ta buɗe.
2. A busar da daɓe sarai, a kewaye gindin kwanon da takarda, a zuba shuɗin wanki a ruwa a kora sau uku. In takardar ta yi shuɗi, yoyon daga mahaɗa yake.
3. A duba bayan bango da silin ɗakin ƙasa, in bene ne, ko akwai danshi ko ɓarewar fenti.
4. In wari yana ƙaruwa lokacin da aka kora ruwa a wani masai na gidan, ko ana jin ƙugi a gwiwa, a duba bututun shan iska. Rashinsa yana sa ruwan da yake sauka ya zuƙe ruwan gwiwa.

Wajen gyara, liƙa siminti ko silikon a kewayen gindin kwano ba ya toshe mahaɗa. Ɓoye yoyon kawai yake yi, ruwan ya koma ƙarƙashin tayil. Gyara na gaskiya shi ne a ɗaga kwanon, a kankare tsohon abin toshiya, a cusa tsumma a bakin bututu don tare iska yayin aiki, a gyara abin da ya jawo matsalar, sannan a sa sabon zobe ko sabon leɓe. A tuna a cire tsumman. A daidaita kwano kafin a ɗaure, kada kuma a matsa noti fiye da kima, domin tangaran fashewa yake yi. Zobe ko leɓen roba yana cikin mafi arahar kayan ban-ɗaki, amma fasa daɓe da sake tayil ba araha.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa masai na zamani yana da katanga biyu, ruwan gwiwa da mahaɗa, kuma mahaɗar tana iya zama ta kaki ko ta roba ko ta siminti. Kaki yana daɗewa amma ba ya jure motsi. Roba tana jure motsi amma tana tsufa. Siminti ba ya kama roba da tangaran, asid kuma yana cin sa. A Sokode zaman ƙasa da cikar rami a damina ne suka fi kawo matsala, a Dapaong kuwa bushewa da zafi. Daidaitaccen daɓe, da awon da ya dace, da kwanon da ba ya girgiɗi, su ne suke tsawaita ran kowace irin mahaɗa.

Tambayoyi

1. Kawo sunaye biyar na wurin biyan bukata a Hausa, ka nuna waɗanda suke sakaya zance ne.
2. Yi bayanin ƙirar kalmomin makewayi da mahaɗa da mafita, ka kawo wasu uku masu irin wannan ƙira.
3. Bambanta ma'anar yoyo da ɗigo da tsiyaya, ka sa kowace cikin jimla.
4. Me ya sa kwano zai kasance cike da ruwa amma ban-ɗaki yana wari?
5. Rubuta sakin layi ɗaya da za a iya karanta wa magini a zango, kana yi masa bayanin illar liƙa siminti a mahaɗa.